Mai gidan da nake haya ya ƙi yi min rajista, wannan ba sata ba ce?

Baban Amira: Assalamu alaikum 'yan'uwa mazauna Ayilan. Wata takwas ke nan ina haya a unguwar Tallaght da ke Dublin, ban taɓa fashin biya ba ko sau ɗaya. Jiya na zauna cike takardar rangwamen haraji na 'yan haya, wanda ya kai Yuro 1,000, sai aka nemi lambar rajistar RTB, wato hukumar da ke yi wa gidajen haya rajista. Na duba shafinsu, ko alamar gidan babu. Dokar haya ta 2004 ta ce mai gida ya yi rajista cikin wata ɗaya da shigar ɗan haya, daga Afrilun 2022 kuma duk shekara ake sabuntawa. Yuro 40 ne fa kuɗin. Na kira mai gidan, wai mu da muke 'yan gida ɗaya ina ruwanmu da takardun Turawa. Wallahi mutumin nan ɓarawo ne. Raina ya ɓaci, ko barci ban yi ba.

Alhajin Blanch: Wa alaikumus salam. Baban Amira, ji tsoron Allah. Ɓarawo? Mutumin da ya ba ka muhalli a garin da mutum ke wata shida yana neman ɗaki bai samu ba? Me ya sata?

Maman Ummi: Alhaji, ya sata mana. Dubu ɗayan da za a mayar wa bawan Allah nan ina take? Wanda ya tare maka hanyar haƙƙinka da wanda ya zura hannu a aljihunka duk ɗaya ne.

Malam na Lucan: A'a Hajiya, ba ɗaya ba ne. Sata a fiƙihu ita ce ɗauke dukiyar wani a ɓoye daga ma'ajiyarta. Wannan sai dai a ce ha'inci ko cin amana. Kowane laifi da sunansa, kuma jifan musulmi da sunan da ba nasa ba shi ma zunubi ne.

Maman Ummi: To Malam, maha'inci ya fi ɓarawo daɗin ji ne?

Malam na Lucan: Ban ce ya fi daɗi ba, na ce ba shi ba ne.

Ƙanwar Sadiya: Don Allah a dakata. Yaya Baban Amira, mai gidan yana zaune tare da ku a ciki? In yana ciki, doka ba ta ɗora masa rajista ba, tsarin ba da hayar ɗaki ne, wanda har Yuro 14,000 a shekara ba a cire masa haraji. In kuwa ba ya ciki, dole ne ya yi. Kuma ka sani ko bai yi rajista ba kana da damar kai ƙara RTB, shi ne ba shi da wannan damar. Tarar jinkiri Yuro 10 ce duk wata, in aka kai shi kotu tana iya kai wa 4,000 ko wata shida a gidan yari. Ka kira ƙungiyar Threshold, kyauta suke ba 'yan haya shawara.

Ɗan Damagaram: Ni dai na san halin. Masu gidan haya daga Kano duk haka suke, a can ma kuɗin shekara guda suke karɓa ba rasit.

Alhajin Blanch: Kai yaro, wa ya ce maka Bakano ne? Waye ya ambaci Kano a nan? Janye maganarka.

Ɗan Damagaram: Ba zan janye ba Alhaji, da girmanka. Na yi haya a Kano shekara uku, na gani da idona.

Gwaggon Yara: Shekara uku a unguwa ɗaya sai ka yanke wa gari guda hukunci? Ku da kuke sauka a gidajenmu in kun zo fatauci, yau mu ne abin zagi. Kano ta fi ƙarfin bakinka.

Baban Amira: Ƙanwar Sadiya, ba ya ciki, gidansa daban. Kuma ni ban faɗi garinsu ba.

Maman Ummi: Alhaji, tunda ka tsaya masa haka, kai naka gidan da ke haya ka yi masa rajista?

Alhajin Blanch: Wannan tambayar cin fuska ce Hajiya. Nawa yana da rajista, kuma ba don tsoron kowa na yi ba. Amma ku 'yan haya ba ku san abin da mai gida ke sha ba, ga bashin banki, ga inshora, ga gyara, tukunyar dumama gida ta lalace tsakar dare a kira ka. Ba wanda ke kiran ɗan hayan da ya riƙe kuɗin wata uku ɓarawo.

Maman Ummi: Ni zan kira shi. Kawo min shi.

Malam na Lucan: Shi ma ba ɓarawo ba ne, mai taurin bashi ne.

Shugaban zaure: To jama'a, ya isa haka, zan rufe maganar. Abin da na fahimta shi ne yawancinmu mun yarda kalmar ɓarawo ta yi nauyi, kuma Malam ya kawo hujja, ya kamata Baban Amira ya janye ta. Masu gidaje a garin nan suna cikin matsi kamar yadda Alhaji ya bayyana, ni ma shaida ne. Ɗan Damagaram zai ba Kanawa haƙuri kafin gobe ko in cire shi. Batun rajista kuma ƙaramin abu ne na Yuro 40, a bar mu mu dattawa mu sami mutumin bayan sallar Juma'a mu yi magana da shi, kada a kai ɗan'uwa hukuma.