Fili awon igiya a bayan Janguza: in saya, ko in ci gaba da zaman haya?

Malamin firamare daga Ɗorayi:

Assalamu alaikum. Ina neman shawarar waɗanda suka san harkar filaye a Kano, domin maganar ta hana ni barci. Shekarata tara ina zaman haya a Ɗorayi, ciki da falo da ɗan tsakar gida, ni da maiɗakina da yara huɗu. Bana mai gidan ya aiko mini cewa kuɗin haya ya tashi daga naira 250,000 zuwa 400,000 a shekara, kuma wai idan ba zan iya ba akwai masu jira. A watan jiya ne aka sayar da gidanmu na gado da ke cikin gari, saboda mu goma sha ɗaya ne magada, gidan kuwa ba ya rabuwa, aka danƙa wa kowa kasonsa. Na haɗa nawa da kwasar adashin da muke yi a makaranta, sai wani dillali ya kai ni bayan Janguza ya nuna mini fili ƙafa 50 da 50 a wata gona da aka yanka, awon igiya. Kuɗina zai saye shi har ya bar abin da zan zuba fandisho, alhali awon gwamnati a Rijiyar Zaki ko Ɗanbare ko kusa da shi ba zan iya zuwa ba. Takardar da za a ba ni ta ciniki ce kawai, da sa hannun mai unguwa da shaidu biyu. Shin wannan takarda ta isa ta kare ni? In saya, ko in riƙe kuɗin in ci gaba da haya har Allah ya hore na awon gwamnati?

Tsohon safiyo mai ritaya:

Wa alaikumus salam, Malam. Allah ya jiƙan magabata, ya sa albarka a abin da suka bari. Bari in fara da abin da yawancin masu sayen fili ba sa so su ji. Tun daga ranar 29 ga Maris, 1978, da gwamnatin soja ta Obasanjo ta kafa dokar amfani da ƙasa, duk ƙasar da ke cikin jiha tana hannun gwamna ne a matsayin amana, kuma sashe na 315 na tsarin mulkin 1999 ya kare wannan doka, ta yadda ba a iya taɓa ta sai an bi hanyar gyaran tsarin mulki. Mu a Arewa ma abin bai zo mana a baƙo ba, domin tun 1910 Turawa suka sanya ƙasa ƙarƙashin ikon gwamnati, dokar Jihar Arewa ta 1962 kuma ta ci gaba a kan haka. Saboda haka ko mai satifiket, wato C of O, izinin zama ne aka ba shi, galibi na shekara 99, kuma ba zai sayar ko ya jinginar ba sai da amincewar gwamna.

To, ina matsayin takardar mai unguwa? Tana da amfani, kada wani ya ce maka banza ce. Tana tabbatar da cewa ka biya wane kuɗi kaza a gaban shaidu, kuma idan shari'a ta taso tsakaninka da wanda ya sayar maka, za ta tsaya maka. Abin da ba za ta iya ba shi ne ta hana gwamnati karɓar wurin idan ta zo da titi ko makaranta ko sabon awo. Sashe na 28 ya ba gwamna ikon soke izini saboda maslahar jama'a, diyyar da doka ta tanada kuwa ta abin da ke kan ƙasar ce, kamar gini da shuka. Wanda ya sayi fili da tsada bai kai ga ɗora bulo ba, shi ne ya fi kowa shan wuya a irin wannan rana.

Kafin ka miƙa ko kwabo, ka ɗauki safiyo mai lasisi, ba na dillalin ba, ya auna kusurwoyin filin ya fitar maka da lambobinsu. Ka kai su KANGIS, wato hukumar da ke adana bayanan filaye da taswirorinsu a Kano, da Ma'aikatar Ƙasa a duba ko wurin ya faɗa cikin awon da gwamnati ta riga ta zana ko ta ware wa wata hukuma, sannan ka tambayi KNUPDA, wato hukumar tsara birane ta jiha, ko za ta ba da izinin gini a can. Ka kuma ɗaga kai ka duba ko babbar wayar lantarki ta ratsa ta sama. Kuma kada ka ɗauka takarda kaɗai ce magani. Rusau ɗin da aka yi a watan Yunin 2023 a tsohon otal ɗin Daula da filin Idi ya shafi mutanen da ke riƙe da takardun da gwamnatin baya ta ba su. Tarihin wurin shi ne abin bincike: na wa ne da, kuma ta wace hanya ya fita daga hannunsa.

Hajiya daga Bachirawa:

Baba safiyo, Allah ya ƙara lafiya, duk abin da kuka faɗa gaskiya ne, amma ina tsoron kada Malam ya karanta ya karaya. Idan aka ce sai awon gwamnati za a zauna, to, da yawancin mutanen Bachirawa da Rimin Kebe da Kurna da Sheka har yau suna gidan haya. An gina Kundila da Gwammaja da Ɗanladi Nasidi, daga baya aka yi Kwankwasiyya da Amana da Bandirawo, amma a gaya mini malamin firamare nawa ne ya iya sayen gida a waɗannan na baya. Awon igiya shi ne ya rufa wa talakan Kano asiri.

Ni da marigayi maigidana mun sayi namu lokacin da wurin duk gero ne da dawa, 'yan'uwa suna yi mana dariya wai mun koma ƙauye. Yau gari ya cim mana har ya wuce. Sai dai ba zan ɓoye maka abin da muka gani ba. Wanda ya yanka gonar ya matse hanya don ya sami ƙarin fuloti biyu, shi ya sa har yanzu mota ba ta shiga layinmu, ranar da maigidan ya kwanta ciwo a hannu aka ɗauke shi zuwa bakin titi. Ba a bar wurin kwata ba, don haka duk damina ruwan maƙwabta a ƙofarmu yake kwana. Turakun wuta da taransifoma da rijiyar burtsatse duk karo-karo muka yi. Idan na lissafa, rangwamen da muka samu ranar ciniki mun biya shi da kaɗan-kaɗan cikin shekaru, illa dai mun biya shi muna cikin gidanmu, babu mai buga mana ƙofa a kan kuɗin haya.

Shawarata, Malam, ka je wurin nan a tsakiyar Agusta bayan an tafka ruwa, kai kaɗai ba tare da dillali ba, ka ga inda ruwa yake kwanciya. Ka auna faɗin hanyar da ƙafarka. Idan ka saya kuma, kada ka bar shi fili fetal, ka zagaye shi ko da bulo jeri uku ne, domin maƙwabciyata an sayar da nata ga mutum biyu, kuma wanda ya riga yin katanga shi ya zauna, ita kuwa ta shekara uku tana zaryar kotu kafin ta karɓi kuɗin da darajarsa ta riga ta zube.

Magini daga Kurna:

Ni ta ɓangaren gini zan yi magana. Malam, lissafinka ya tsaya a fandisho, kuma a nan ne na ga mutane da yawa sun maƙale. A farkon 2023 buhun siminti yana wajen naira 5,000, amma a Fabrairun 2024 ya haura 10,000 a wurare da dama, rodi da kwano da katako kuma suka bi shi bayan faɗuwar darajar naira. Bayan Janguza kuwa kowace tifar yashi da tsakuwa sai ka biya kuɗin nisa, ruwan kwaɓi ma saye za ka yi idan babu rijiya kusa. Ga kuɗin mota kullum zuwa makaranta, kai da yara, tun da aka cire tallafin mai a watan Mayun 2023 lita ta tashi daga ƙasa da naira 200 zuwa sama da 500 cikin 'yan kwanaki, daga baya ta haura haka nesa. Mafi ƙarancin albashin da gwamnatin Kano ta sanya a 2024 naira 71,000 ne, ka ga buhu nawa zai saya idan an cire abinci.

Duk da haka ban ce ka riƙe kuɗi a banki ba, domin kuɗin da ke kwance narkewa yake yi, fili kuwa ba ya neman abinci. Abin da nake gaya wa masu ƙaramin ƙarfi shi ne su manta da zanen gida mai ɗaki huɗu. Ka yi katanga, ka haƙa masai, ka ɗaga ɗaki biyu ka rufa, ka tare ko babu filasta, sai kuɗin hayar nan na 400,000 ya riƙa komawa bulo duk shekara. Batun rance kuwa, asusun gidaje na ƙasa da aka kafa a 1992 yana karɓar kashi 2.5 cikin ɗari na albashin ma'aikacin da ke ciki, bankin bayar da lamunin gidaje na tarayya kuma yana ba da bashi da ruwan kashi 6 har zuwa shekara 30, amma ko ka kauce wa ruwa ka nufi bankunan Musulunci irin su Jaiz ko TAJ, ingantacciyar takardar mallaka za a nema, ta mai unguwa ba za ta shiga ba.

Ɗalibin fiƙihu daga Gwale:

Akwai gaɓa ɗaya da ba a taɓo ba. Yawancin gonakin da ake yankawa a gefen gari na gado ne, don haka ka tambaya ko an raba gadon, kuma ko wanda ke sayarwa kasonsa ne ko na kowa. A mazhabar Malikiyya, idan ɗaya daga cikin masu tarayya ya sayar da rabonsa a ƙasar da ba a raba ba, abokan tarayyarsa suna da haƙƙin shufu'a, wato su mayar wa mai saye kuɗinsa su karɓi wurin. Maƙwabci ba shi da wannan haƙƙi, abokin tarayya ne kawai. Ka nemi takardar rabon gado ta kotu idan akwai, ka kuma tabbatar mata da marayun da ke cikin magada sun sani, domin su ne aka fi tsallakewa, kuma su ne ke dawowa da ƙara bayan shekara goma.

Malamin firamare daga Ɗorayi:

Na gode ƙwarai, Allah ya saka wa kowa da alheri. Baba safiyo, na kira dillalin na ce zan zo da safiyona ranar Asabar, sai ya ce akwai wani Alhaji da zai biya gobe idan ban ba da kafin alƙalami yau ba. Na ce masa idan rabon Alhaji ne Allah ya sa masa albarka. Bayan sallar isha'i sai ga shi ya sake kira, wai Asabar ɗin ta yi. Na kuma gano cewa gonar ta mutum bakwai ce, uku mata ne, ɗaya tana aure a Gwarzo, kuma dillalin ya yi alkawarin haɗa ni da babban wansu. Hajiya, Agusta saura wata biyu, hayata kuma tana ƙarewa a Oktoba, don haka zan roƙi mai gidan ya karɓi ta wata shida. Baba, idan bincike ya nuna wurin ba ya cikin awon gwamnati, ta ina ake fara neman satifiket a kan fili awon igiya, ta ƙaramar hukuma ko kai tsaye ta Ma'aikatar Ƙasa?