Neman shawara: babban mai kwaɓina ba shi da lafiya, in tura shi gida ko in bar shi ya ci gaba da aiki?

Mai Gidan Burodi:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Ku yi haƙuri da tsawon rubutun, kaina ne ya ɗaure.

Gidan burodi gare ni a nan Kano. Asali na yayana ne, Allah ya ji ƙansa. Ya rasu ya bar mata biyu da yara da bashin fulawa a kasuwar Singa, dangi suka zauna aka ce ni zan riƙe, alhali ni kayan gyaran babur nake sayarwa a lokacin. Sai da na sayar da filina na biya dila kafin ya yarda ya ci gaba da ba mu kaya. Muna fara miƙewa sai ga kullen korona na bara. Kun san yadda aka yi: tun tsakiyar Afrilun 2020 aka rufe gari, azumi ya shigo, masu shayi da su ne rabin cinikinmu duk suka tashi, sai ranar da aka buɗe don cefane muke samu mu fitar da kaya. Allah ne shaida ban kori kowa ba, rabin kuɗi na riƙa ba su har aka janye kullen a farkon Yuli. Tun daga nan fulawa da sukari da dizal ba su daina hawa ba, ga kuɗin makarantar marayu a wuyana.

To yanzu, a farkon 2021 ɗin nan, babban mai kwaɓinmu, dattijo ne tun zamanin yayana, zazzaɓi ya kama shi da tari. Ya je kemis an ba shi maganin maleriya, zazzaɓin ya ɗan sauka, amma jiya ya ce min ko ƙamshin burodin da ake fitarwa daga wuta ba ya ji. Bai daina aiki ba. Ɗaya daga cikin yaran da ke ɗaurin leda shi ma ya fara tari. Ga shi na ji a rediyo shugaban ƙasa ya sa hannu a wata sabuwar dokar korona.

In na tura shi gida, dole ne in biya shi? In na kai shi gwaji aka ce ita ce, za su rufe min waje? Ni kaɗai ne a kan wannan lamarin, ku taimaka.

Ɗan Kwari:
Wa alaikumus salam Alhaji. Hunturu ake ciki fa, waye ba ya tari a Kano yanzu? Ka haɗa masa citta da kanumfari da lemon tsami, ya yi sirace. Kada ka kuskura ka kira mutanen gwajin nan. Ranar da mota ta tsaya a ƙofarka aka fito da fararen kaya, ka rantse babu mai shayin da zai ƙara ɗaukar burodinka.

Baba Sakatare:
Alhaji, kada ka saurari wannan. Na yi sakataren ƙungiyar ma'aikata a wata masana'anta a Bompai har na yi ritaya, don haka abin da na sani zan faɗa maka.

Dokar da ka ji a rediyo, ranar 26 ga Janairun 2021 aka sa mata hannu, kuma a kan mai waje ta ɗora nauyin tabbatar da ana bin ta. Kai ne za ka tabbatar kowa ya sa takunkumi, akwai wajen wanke hannu, ana auna zafin jiki a bakin ƙofa, wanda nasa ya haura digiri 38 ba ya shiga. Wanda ya saɓa, tara ce ko ɗaurin wata shida ko duka biyun. Wannan kenan.

Batun biya kuwa ba sai an jira korona ba. Dokar ƙwadago ta Najeriya, sashe na 16, ta ce ma'aikacin da rashin lafiya ta kwantar da shi, in likita ya ba da takarda, a biya shi har na ranakun aiki 12 a shekara. Likita aka ce, ba mai kemis ba. Mutumin da ya yi wa gidanku aiki tun zamanin marigayi, ai ko doka ba ta faɗa ba bai kamata ka tsaya tambaya ba. Ka tura shi gida yau, ka biya shi cikakke.

Tambayata: mutum nawa ke gare ka, kuma ina suke kwana?

Mai Gidan Burodi:
Na gode Baba. Amma mu ba albashi muke yi ba, kuɗin sati ne, ranar da mutum ya yi aiki ita ake lissafa masa. Haka na gada, haka kowane gidan burodi yake yi. Takunkumi kuma na saya musu tun bara. Ka zo ka tsaya gaban wutar nan da shi ka gani. Kafin a fitar da zubi ɗaya ya jiƙe sharkaf da gumi, garin fulawa ya manne a jiki ya zama kamar ƙullu, sai ka ga kowa ya sauke shi ƙasan haɓa. Ba zan iya tsayawa a kansu dare da rana ba. Ni a ganina ma zafin wajen ya isa ya kashe kowace irin cuta.

Maman Walida:
Hmm. "Ranar da mutum ya yi aiki ita ake lissafa masa." Wannan maganar ce aka faɗa wa maigidana. Malami ne a wata makarantar kuɗi, da aka rufe makarantu a Maris ɗin bara ko sisi ba su ba shi ba har aka koma. Wata da watanni. Ɗan kunnena na aure na sayar muka ci abinci a azumin nan. Da aka buɗe kuma aka ce su sayi takunkumi da man wanke hannu daga aljihunsu. Ku masu ɗaukar mutane aiki ku ji tsoron Allah. Alhaji ba da kai nake ba, amma raina ya sosu.

Nas ɗin Unguwa:
Alhaji, ni ma'aikaciyar jinya ce. Ɗaukewar jin ƙamshi tare da zazzaɓi da tari a wannan lokacin ba abin da za a bari a hannun kemis ba ne. Mura ma tana toshe hanci, shi ya sa gwaji ne kaɗai zai raba gardama, kuma a cibiyoyin gwamnati kyauta ne.

Zafin wutar gashi ba ya shiga ƙirjin mutum. Cutar daga numfashi take fita, tari da magana da atishawa, ba ta cikin burodin da aka gasa ba. Abin da ya fi damuna shekarunsa. Yana da ciwon suga ko hawan jini? In numfashinsa ya fara sarƙewa ko yana haki daga ɗan motsi, asibiti kai tsaye, kada a jira gari ya waye. In aka tabbatar ita ce, ƙa'idar da ake bi a 2021 ɗin nan ita ce ya killace kansa kwana 10 daga ranar da alamun suka fara, a ƙara kwana 3 bayan sun ɗauke.

Kuma ba ka amsa wa Baba ba. Ina suke kwana?

Mai Gidan Burodi:
Anti, yawancinsu daga ƙauye suke, a nan suke kwana, akwai ɗaki a baya. Kyauta na ba su, ban taɓa cire musu ko kwabo ba. Tagar ɗaya ce, su da kansu suka toshe ta da buhun fulawa saboda sanyi, ba ni na sa su ba. Abinci ma ni nake ba su sau biyu, a faranti ɗaya suke ci kamar kowane gida. Shi dattijon a ciki yake kwana, sai ƙarshen wata yake zuwa wajen iyalinsa. Batun suga ban taɓa tambayarsa ba.

Baba Sakatare:
Innalillahi. To ai ga maganar nan ta fito, ka ɓoye ta a ƙarshe. Muna ta batun takunkumi a gaban wuta, ashe a ɗaki ɗaya suke numfashi har asuba da taga a toshe!

Ka ji da kyau. Gidan burodi masana'anta ne a idon doka, kuma dokar masana'antu ta yi magana a kan cunkoso da shigar iska da ruwan sha da wajen wanke hannu. Ɗakin naka ne, cikin harabarka yake, "su suka toshe" ba za ta fitar da kai ba. Sannan akwai dokar diyyar ma'aikata ta 2010, wadda mai waje ke biyan kashi 1 cikin 100 na kuɗin da yake biyan ma'aikatansa ga NSITF, hukumar inshorar ma'aikata ta gwamnati, don ranar da wani ya ji rauni ko ya ɗauki cuta ta dalilin aiki. Ka yi rajista? Na san amsar. Kuma kuɗin sati ba ya mayar da mutum ba ma'aikaci ba. Wanda ya haura shekara biyar, ko sallamarsa za ka yi sai ka ba shi sanarwar wata guda.

Abin da nake so ka gane shi ne wannan: dattijon nan ba taurin kai ne ya sa yake kwaɓi da zazzaɓi ba, tsarin biyanka ne. Ka ce masa kwanciya tana nufin babu kuɗi, to ya zaɓi tsayuwa. Yaran kuma ido suka zuba. In ka tura shi hannu rabbana, wallahi babu wanda zai ƙara gaya maka yana jin zazzaɓi, za su sha farasitamol su haɗiye tarin har sai wani ya faɗi. Na ga haka da idona a masana'anta, ba sau ɗaya ba.

Ɗan Kwari:
Baba, wannan dokokin na manyan kamfanoni ne. Wa ya taɓa ganin NSITF a gidan burodi? Mu a Kwari aka rufe mu bara, haya ba ta tsaya ba, wa ya biya mu diyya? Tallafin da aka yi ta shela, ni ko taliya ɗaya ban gani ba. Yanzu kuma sun rufe gidajen kallon ƙwallo da wuraren biki, amma je ka ga taron 'yan siyasa. Talaka kaɗai doka ke hawa.

Nas ɗin Unguwa:
Malam, zancen tallafi gaskiyarka ne, amma kada ka haɗa shi da cewa babu ciwon. Mun ga abin da ya faru a garin nan a Afrilun bara, dattawa nawa aka binne cikin 'yan makonni. Ministan lafiya da bakinsa ya ce mutum 979 aka ƙirga, kuma rabi ko fiye suna iya zama ta dalilin cutar. Irin shekarun mai kwaɓin nan ne akasarinsu.

Sai dai Baba, a nan na saɓa da kai: kada a tura shi gida. A cusa shi a motar haya ya kai wa iyalinsa da tsofaffin ƙauye? A ware masa waje shi kaɗai a nan, da kwanonsa da butarsa, a cire buhun nan daga taga, a raba sauran ko da wasu za su kwana a rumfa da bargo.

Abu Hanif:
Ni dai tunatarwa zan yi. Da Sayyidina Umar ya nufi Sham ya ji annoba ta ɓarke, juyawa ya yi, ya ce daga ƙaddarar Allah muke gudu zuwa ƙaddarar Allah. Ɗaukar mataki ba rashin tawakkali ba ne. Kuma Alhaji, waɗannan yaran kiwo ne a hannunka, za a tambaye ka. Amma dukiyar ta marayu ce, ka sanar da iyayensu mata kafin ka fitar da kuɗi mai yawa.

Baba Sakatare:
Malam, haƙƙin ma'aikaci bashi ne a kan gidan, ba sadaka ba ce da za a nemi izinin kowa. 'Yata nas, na ji, a ware shi a nan ɗin, ban ƙi ba. Amma biya dai cikakke, kuma a tara yaran a faɗa a gabansu cewa duk wanda ya kwanta kuɗinsa na nan. In ba a yi wannan ba, sauran duk aikin banza ne.

Mai Gidan Burodi:
Baba, da girmanka, amma kana magana kamar ni azzalumi ne. Lokacin kulle wa ya tilasta ni na ba su rabi? Bokiti mai famfo yana nan a bakin ƙofa tun bara, sabulun ne ba ya kwana. Na'urar auna zafi ma na saya, batir ne ya mutu. In na ce duk wanda ya kwanta kuɗinsa na nan, gobe rabinsu za su wayi gari da ciwon kai, na san yarana. Kuma babu wanda ya taɓo ainihin matsalata: shi kaɗai ya san awon yis da sukari da gishiri na burodinmu. Sau ɗaya wani ya karɓe shi, sai da masu shayi suka dawo mana da kaya.

Na dai kwashe buhunan da ke ƙaramin sito na shimfiɗa masa katifa, na ba shi wani abu a hannu. Ya ce shi lafiyarsa ƙalau, da asuba zai fito ya auna musu kayan kawai ya koma. Gwajin ban yanke shawara ba tukuna. In akwai wanda ya san mai kwaɓi na kirki da zai riƙe min mako biyu, don Allah ya yi min magana.

Maman Walida:
"Wani abu a hannu" nawa ne, Alhaji? Kuɗin satinsa ne ko kuɗin magani?

Ɗan Kwari:
Ka yi daidai Alhaji. Akwai wani ƙanin abokina da ya yi aikin burodi a Kaduna, bari in tambaya ko yana gari.

Nas ɗin Unguwa:
In zai fito awo, ya sa takunkumi ya rufe hanci, kuma kada kowa ya tsaya kusa da shi. Shi yaron mai ɗaurin leda fa, ina zai kwana yau?