Musayar waƙa: naɗin Sarkin Ingila a tele

Bagobirin Boukoki (Asabar, 6 ga Mayu 2023, bayan azahar)
Salamu alaikum ƴan zaure. Yau fadarmu ba a yi hirar ƙwallo ba, naɗin Charles na Uku muka kalla daga ƙarfe 11 har aka tashi. Ga abin da ya zo mini, ƙwar biyu:

Da sunan Jalla nake farawa,
Sarkin da ba a naɗa wa sarauta.

Asabar shida ga watan Mayu,
Mun kafa tele, mun ƙi huta.

Shayi ya tafasa har ya ƙone,
Ba wanda ya waiwayi buta.

Uwa ta yi shekara 70 a gado,
Yarima na gefe yana duban ta.

Sai da ya kai 74 cif,
Rabo ya zo bayan ya manyanta.

A cocin Westminster aka kai shi,
Limamin Canterbury ya jagoranta.

Ya ɗora masa hular zinari,
Wuyan dattijo ya ji nauyinta.

Karusar zinari, dawaki takwas,
Cikin ruwan sama ake jan ta.

Wanda ya gani ya kama mini,
Wanda bai gani ba ya karanta.

Ba'adare (daga Tawa)
Bagobiri, sannu da aikin kallo,
Mi anka raba da yak kai gare ka?

Ana buki can ƙasar Ingila,
Kai ka guɗa bisa tabarmarka.

Sarkin Gobir na nan Tsibiri,
Yaushe rabon da ka kai caffarka?

Nan Tawa rana ta dafa mu,
Kana yabon ruwan da ba naka.

Kuran ya ɗauke tun da hantsi,
Mu mun ga naɗin ne ta bakinka.

Hular da kac ce ta yi mai nauyi,
Kai ka auna ta, ko ko kakanka?

Ɗiyar Bilbis
Ayyururui! Yaya Ba'adare ka gama da shi. A kawo ruwa a yayyafa ma Bagobiri.

Bagobirin Boukoki
Ashe zafin rashin kuran ne,
Ya sa Ba'adare tsiya tasa.

Wanda bai gani ba shi ke gardama,
Hanci cike da warin albasa.

Galmi zuwa Abidjan a kan buhu,
Nan ne iyakar karusa tasa.

Hular Saint Edward kilo biyu da ɗori,
Mai sharhi ya faɗa da bakinsa.

An ƙera ta tun 1661,
Don Charles na Biyu, takwaransa.

Tsibiri kuwa gidan ubana ne,
Ɗa ba ya neman iso wajen ubansa.

Mai Kabu-kabu
Yauwa! Boukoki ikon Allah. Ƴan Tawa ku nemo kuran tukuna, sannan ku zo a yi magana.

Mushe mai ritaya (Yantala)
Jama'a, ku yi haƙuri in sa baki. Mai buɗe zaure ya kafa amsa-amon "ta". Ba'adare ya zo ya koma "ka", shi kuma mai gidan da kansa ya tsere zuwa "sa". Ba haka ake musaya ba. Wanda ya shigo, amsa-amon da ya tarar shi yake ɗauka. Sannan wannan ɗango na "Hular Saint Edward kilo biyu da ɗori", na gwada shi a ma'aunan waƙa na aruli: a Mutadarik ya ƙi, a Mutaƙarab ma ya ƙi. Gaɓa 12 gare shi, abokin tafiyarsa 10. Ga yadda ake yi:

Ku auna, ku tsara, ku sassauta,
Da waƙa da zance akwai rata.

Naɗin nan na London akwai tsari,
Ku koya, samari, ku bar wauta.

Ba'adare
Baba Mushe, Allah shi ba ka haƙuri,
An tashi lakwal, aje alli.

Makaɗin kotso gaban sarki,
Wa yak koya mai aruli?

Kunne shi ka auna waƙa,
Ba a ɗora ta bisa sikeli.

Mushe mai ritaya
Ɗana, waƙar baka daban, rubutacciya daban. Makaɗi ganga ke riƙe masa kari, ƴan amshi su rufa masa asiri. Kai ina gangarka? Malaman Sakkwato tun ƙarni na 19 da ma'aunin Larabci suka rubuta waƙoƙinsu na Hausa, shi ya sa har yau ake rera su ba a tuntuɓe.

Ustazun Lazaret
Malam, da girmanka, amma kai ma naka bai cika ba. Mutaƙarab ƙafa huɗu ne a ɗango, kowace ƙafa gaɓa uku, wato fa'ulun. Na yanka "Ku auna, ku tsara, ku sassauta", na samu uku da gaɓa ɗaya tana reto. Ina sauran?

Mushe mai ritaya
Ustaz, ƙafar ƙarshe ana gutsure ta. Ita ce malaman aruli ke kira "illa", kuma sun halatta ta. Koma ka duba littafinka.

Ustazun Lazaret
An halatta ta a ƙarshen baiti. Kai ka gutsure ɗango na fari, ka gutsure na biyu, ka gutsure duka huɗun.

Mushe mai ritaya
Da na gutsure ɗaya na bar uku, da ka ce na karya. Daidaito ake nema.

Mai Kabu-kabu
Wai naɗin sarki ake ko jarabawar BEPC?

Hajiya ta Wadata
Ni kun ishe ni. Daga kallon biki an koma yankan gaɓa. Ni ban san fa'ulun ba, ga tawa:

Maza kuna ta faɗan ma'auni,
Ni idona na kan sarauniya.

Camilla ta sha zagi na shekaru,
Yau ga ta da hula, kai duniya!

Diana na kabari tun 1997,
Ranar ta zama ta kishiya.

William ya durƙusa gaban uba,
Ya sumbace shi, ya yi biyayya.

Harry an ba shi sahu na uku,
Ba mata, ba ɗa, ya zo shi ɗaya.

Ana tashi ya nufi filin jirgi,
Gidan sarauta ma akwai ƴan ubanci da tsiya.

Na san na ƙarshen ya yi tsawo, Mushe ka bar ni, jikana na kuka. Kuma ba ƴan uba ba ne, uwa ɗaya uba ɗaya suke, abin ne dai ya yi kama.

Ɗiyar Bilbis
Inna Hajiya, gyara kalmarki,
Kishiya da goro aka kawo ta.

Da rana tsaka, da shaidu,
Uwargida na ɗaki ana lallashinta.

An rabu da Diana 1996,
Sai 2005 anka ɗaura da ita wagga, ku tuna ta.

Ba su taɓa raba kwana ba,
Ni dai Diana nika yi, har gobe ina son ta.

Baba Mushe, ga "ta" ɗinka na maido maka, a ba ni maki.

Mushe mai ritaya
Amsa-amo 10 bisa 10. Kari kuwa, ɗiyata, mu bar shi don zumunci.

Hajiya ta Wadata
Ɗiyar nan, mai haƙuri shi ke dafa dutse. Ke dai in kin kai shekarun Camilla ki zo mu yi maganar.

Ɗan Harobanda (bayan isha'i)
Sai yanzu na shigo, na tarar da saƙo ya taru. Bawana Bagobiri na gani yana rawar kai, dole in yi masa linzami. Kun ga hula, kun ga amarya, ba wanda ya dubi sandar da ke hannun mutumin.

Bagobiri bawana, buɗe ido,
Akwai abin da ya dace ya dame mu.

Lu'ulu'un da ke kan sandar nan,
Cullinan ne, daga nahiyarmu.

Afirka ta Kudu, 1905,
Ya haye teku, bai waiwaye mu.

Dutsen da ke ƙarƙashin kujera,
Na Scotland ne, sun ce "ku ba mu".

Bayan shekara 700 aka mayar,
Yau aro aka yi. To ina namu?

Ba'adare
Bazabarme ya faɗi gaskiya yau, a rubuta ranar. In ƙara ma Bagobiri, tunda hular zinari yaka so:

Bokassa ya gwada ta a Bangui,
Disamba 1977, da hannu nai ya ɗora.

Dawaki daga Faransa anka kawo,
Talakka na kallo, ba shi da ko fura.

Shekara biyu ba ta cika ba,
Waɗanda sunka taya shi sunka kora.

In ka ƙosa, zo Tawa mu naɗa ka,
Sarkin Kallo, rawanin buhun gora.

Mai Kabu-kabu
Buhun gora kuma? Ba'adare, amsa-amo ya ƙare maka ne ka shiga kame-kame. Gora ba a sa ta a buhu.

Ɗiyar Bilbis
A Tawa ana sawa. Kai dai ja babur ɗinka.

Bagobirin Boukoki (Lahadi da safe)
Na kwana ban amsa ba don kuɗin intanet sun ƙare, ba don tsoro ba. Ba'adare ka jira layi. Bari in fara da wannan da bai san ubangidansa ba.

Bazabarme, wa ya kwance ka?
Har kana kiran sunana?

Zanen fuskata ka duba,
Ka rusuna, ka ce "ubangidana".

Batun lu'ulu'u ban musa ba,
Shi ma ya tsaya a maƙogwarona.

Amma na ga abin da ba ka gani ba,
Don kai kana barci da rana.

An tuɓe alkyabbar sarkin nan,
Aka ja labule, aka kare idona.

Man zaitun na Ƙudus aka shafa,
Tele ba ta nuna ba, sai waƙa a kunnena.

Na ce wankan sarauta ke nan,
Irin na Gobir, gidan kakana.

Mu da tambari da kakaki,
Su da ƙararrawa, kowa da nasa, ɗan'uwana.

Ɗan Harobanda
"Kowa da nasa" ka ce? To ai maganar ke nan, nasu na hannunsu, namu ma na hannunsu. Ka zagaya ka zagaya har Ƙudus, tambayata na nan zaune.

Ustazun Lazaret
Malam Mushe, na duba littafin da ka ce. Har yanzu ina kan bakana game da ɗango na fari.

Hajiya ta Wadata
Ustaz, don girman Allah.

Ba'adare (Litinin)
Kuran ya dawo, na ga maimaici,
Dattijo na tafiya, hula na rinjaya.

Rawani ko ya kai kamu goma,
Sarkin Adar na Illela shina sukuwa da shi ba tangarɗa ko ɗaya.

Caji ya kusa ƙarewa, Bagobiri kada ka gudu, saura baiti huɗu.

Mushe mai ritaya
Kafin su zo, ka dawo ka ɗauki ɗangonka na ƙarshe. Ya fi gaɓa 20.