Gayyar kwashe shara a bakin Kubanni: ina za mu kai abin da muka kwaso?

Ɗan Tudun Wada:
Assalamu alaikum jama'a. Mu matasan layinmu muna son mu yi aikin gayya a bakin rafin Kubanni a nan Zariya, daga wajen gada zuwa inda babbar kwatar unguwarmu take zuba. Yanzu da rani ruwa ya ja baya, abin da ya bari ba kyan gani: ledar fiya wata, robobin lemo, kunzugun yara, tsummokara. Muna da shebur da manjagara da baro, kuma so muke mu gama kafin ruwa ya sauka a watan Mayu. Abin da ya tsaya min a rai shi ne, in mun kwaso ina za mu kai? In muka jibge a gaɓa, ruwan Agusta zai sake janye ta. Wasu sun ce a cinna mata wuta, ni dai hankalina bai kwanta ba.

Mai Lambu:
Wa alaikumus salam. Allah ya yi muku albarka. Ni da ruwan nan nake ban-ruwa, can ƙasa kafin ya haɗu da kogin Galma. Leda ce ke toshe min bakin tiyon inji, sai na kashe na zare da hannu. Latas da alayyafon da ake kaiwa kasuwar Sabon Gari, da yawa wannan ruwan suka sha. Ku ware robobi da ƙarafa gefe guda, 'yan bola jari za su saya, ku samu kuɗin mota. Ranar da kuka sa, ni da yarana muna nan.

Malama daga Samaru:
Don Allah ƙannena kada ku ƙona, hayaƙin roba masu asma da jarirai zai fara kamawa. Kuma kada kowa ya shiga ba takalmin roba da safar hannu. Akwai fasassun kwalabe da allurai a cikin taɓon nan, sannan ruwa mai kwanciya irin wannan shi ne gidan katantanwar da ke yaɗa tsargiya. Yara ƙanana su tsaya a tudu. Wanda ƙarfe ya yanka ya je a yi masa allurar tetanus a ranar.

Baba na Gyallesu:
Yaro, kafin ku ɗauki shebur ku fara zuwa wajen mai unguwa. Shi zai sa hannu a takardar neman motar shara daga ƙaramar hukuma. In ba ta samu ba, ku yi karo-karo ku ɗauki tifa, ta tsaya a wurin tun safe, ana kwasowa ana lodawa. Amma fa ku sani sharar nan ba daga sama ta faɗo ba. Yaro ake miƙa wa bokiti da magariba, shi kuwa kwata ce mafi kusa da shi. Sai kun samar wa matan gida inda za a riƙa zubarwa, kuma liman ya yi magana bayan sallar Juma'a.

Ɗan Tudun Wada:
Na gode Baba, Allah ya ƙara girma. Gobe bayan la'asar za mu je gidan mai unguwa, har da maganar wurin zuba shara. Malama, a ina ake samun safar hannu mai kauri da sauƙin kuɗi?