Kasada ko ganganci: wace kalma za mu gaya wa yaran shago?

Salamu alaikum 'yan uwa. Ƙungiyarmu ta matasa a Aboabo, unguwa a Kumasi ta Ghana, za ta zauna da yaran shago, masu koyon ɗinki da kanikanci da walda, a kan halin mutum da ƙirƙira. Takardun da ke hannunmu duk na Turanci ne, kuma kalma ɗaya ta tsaya mana a wuya, wato risk-taking. Shawarwari sun shigo da yawa, bari in haɗa su wuri guda in faɗi inda na tsaya.

Ƙirƙira ba ta da gardama, kowa ya karɓe ta. Hali ma haka. Masana halayyar ɗan Adam sun tattara halaye zuwa manya guda biyar, kuma tun binciken Robert McCrae na 1987 aka ga ɗaya daga cikinsu ya fi sauran tafiya da ƙirƙira: halin mai son gani da ji da gwada abin da bai saba ba. Wani ɗan uwa daga Asawase ya ce mu kira shi "son sabo". Yaya, a baki ya yi daɗi, amma a waya zai ba mu matsala. Mai karatu zai iya ɗauka son abin da aka saba ake nufi, wanda shi ne kishiyar maganar, ga kuma mutanenmu da ba sa saka ƙugiyar haruffa, sai wani ya karanta saɓo. "Son sabon abu" ya wadatar.

Sai kalmar da ta tara mu.

Ganganci ban yarda da shi ba ko kaɗan. Ganganci shi ne yaron da ya cika aboboya, babur mai ƙafa uku na dako, da kaya ya sheƙo gangara ba birki. Babu lissafi a ciki, kuma duk uban da ya ji mun ce ƙirƙira tana tafiya da ganganci zai janye ɗansa daga zaman, ya kuwa yi daidai. Kuru da kundumbala na wanda ya rufe ido ya faɗa ne, ta fanjama fanjam. Ƙarfin hali ya yi faɗi da yawa, har mara lafiyan da ya tashi ya fita kasuwa cewa ake yana ƙarfin hali. Kasada ce ta fi kusa, domin ɗan kasada ya san zai iya asara, ya auna, ya shiga da idonsa biyu.

To amma kasada ita kaɗai ba ta isa ba, kuma nan ne nake roƙon ku karanta a hankali. A 2002 Elke Weber da abokan aikinta sun nuna cewa kasada ba abu ɗaya ba ce. Sun raba ta gida biyar: ta kuɗi, ta lafiyar jiki, ta wasanni masu haɗari, ta keta doka da amana, da ta zaman jama'a. Mutum ɗaya zai iya zama zaki a ɗaya, ya zama kura a ɗaya. Duk mun san wanda zai shiga ramin galamsi, wato haƙar zinariya ta bayan fage, ba gezau, ko ya zuba kuɗin haya a cacar ƙwallo, amma ba zai iya buɗe baki gaban maigidansa ya ce "ina ga akwai wata hanya" ba. A 2017 masu bincike a Jami'ar Plymouth ta Ingila sun gwada waɗannan gidaje biyar da ƙirƙira, sai suka tarar ta zaman jama'a ce ke tafiya da ita. Tambayoyin da ake auna ta da su irin waɗannan ne: za ka iya saɓa wa babba a kan magana mai nauyi? Za ka iya faɗa wa abokanka cewa abin da kake so daban ne da nasu? Za ka iya sauya sana'a bayan ka haura shekara talatin?

Saboda haka idan muka tsaya gaban yara muka ce "mai ƙirƙira ɗan kasada ne" muka yi shiru, mun ba mai caca hujja. Wannan ne ya hana ni barci a kan maganar. Dole kasadar ta zo da sunanta.

Wani malam ya kawo "kasadar kunya". Malam, na gane nufinka, amma kunya a wurinmu ado ce, yaro zai ji kamar rashin kunya muke koya masa. "Kasadar mutunci" kuma ta fi kama da zubar da mutunci, wanda gidan keta amana ne, ba namu ba.

Tawa shawarar ita ce kasadar fita zakka. Manomi ya auna tara ya ajiye, ya ware na goma gefe, daga nan Bahaushe ya samo cewa wane ya fita zakka a cikin 'yan uwansa. Telan da ya fito da sabon yanka ana saura kwana kaɗan Sallah, alhali ya san za a iya yi masa dariya a layi, wannan kasadar ya yi. Haka yaron Magazin na Suwame, unguwar kanikawa da maƙera, da ya ce wa maigidansa a ƙera ƙarfen nan a gida maimakon a jira na waje. Abin da suka sa a faifai shi ne yadda jama'a za su dube su, ba ransu ba, ba kuɗin wani ba.

Hajiyarmu mai atamfa a kasuwar Kejetiya ta ce ai yaron da ya lalace ake cewa ya fita zakka. Gaskiyarki Hajiya, ana faɗa a kansa, ana kuma faɗa a kan wanda ya fi 'yan uwansa kirki. Ni wannan ne ma ya sa na riƙe ta. Ranar da mutum ya fito da sabon abu bai san wanne za a kira shi ba, kasadar ke nan. Kuma kada mu manta binciken a ƙasar Turawa aka yi. A zango, inda maigida uba ne, kuma kalma ɗaya daga bakinsa za ta iya rufe wa yaro ƙofofi, wannan kasada ta fi tsada. Don haka nake son iyayen gida su zauna a zaman tare da yaransu. Binciken kuma ya nuna ne kawai cewa wannan kasada da ƙirƙira suna tafiya tare, bai ce duk mai gardama da manya gwani ba ne.

A takardar zaman zan rubuta kasada a matsayin uwar kalma, kasadar fita zakka ga wannan reshe, ganganci kuma a gefe a matsayin abin da muke gargaɗi a kai. Saura wadda ta shafi wasanni masu haɗari, har yanzu ba wanda ya kawo mata suna. 'Yan uwanmu na Nima da Mamobi a Accra, muna jiran naku kafin Juma'a.