Zan ɗauko sabuwar mota daga Ohio zuwa Niyok da lambar takarda, za a tare ni a hanya?

Assalamu alaikum 'yan uwa. Shawara nake nema wurin waɗanda suka riga ni daɗewa a ƙasar nan. Ina zaune a Bronx, cikin birnin Niyok, shekarata uku a Amurka. Ɗan wan babana da ke Columbus, jihar Ohio, ya samo mini mota sabuwa dal a wurin wani dila, kuma farashinta ya gaza na nan da kusan dala 2,000. Dilan ya ce zai liƙa mata lambar wucin gadi ta takarda mai kwana 45, in tuƙo ta gida in yi rajista a Niyok. Niyyata in hau bas ranar Juma'a, in taso da ita ranar Lahadi. Abin da ke damuna, jiha huɗu zan taka: Ohio, Pennsylvania, New Jersey, sannan Niyok. Takardar da Ohio ta bayar tana aiki a sauran? Wani abokin aikina ya ce mini da na hau gada za a ƙwace motar. Tun jiya ban runtsa ba, bashin banki ne a kanta.
— Baban Amira

Alhaji na Harlem: Wa alaikumus salam. Allah Ya sanya alheri, Ya sa a kashe lafiya. Abokin aikinka ya ji ƙishin-ƙishin ne bai ji ƙarshen zancen ba. Lambar da dila mai lasisi ya fitar da sunanka rajista ce ta gaskiya, kwananta ne kawai ƙidayayye, kuma jihohi suna mutunta rajistar juna. Sau biyu ina ɗauko mota daga wata jiha a haka. Abin da ake farauta a Niyok lambobin bogi ne, irin waɗanda ake bugawa a ɗaki a sayar wa masu gudun kuɗin gada da tarar kyamara. Tun 2024 hukumomin birni da na jiha suka haɗa ƙarfi suna tsare bakin gadoji saboda su. To za a iya tsayar da kai a duba. Tsayarwa daban, ƙwacewa daban.

Maman Sadik: Baban Amira, kafin zancen lamba, inshora fa? Ka kira kamfaninka tun yau, ka ba su lambar jikin motar, mai harufa da lambobi 17 ɗin nan, su sa ta a inshorarka daga ranar da za ka karɓi makulli. Kuma lallai ta Niyok ce. Ofishin DMV na nan, wato hukumar rajistar motoci, ba ya karɓar inshorar wata jiha wurin rajista, sannan sunan da ke katin sai ya zo daidai da wanda za a rubuta a rajistar. Kada ɗan uwanka ya ce zai ɗora ta a tasa ta Ohio don ta fi sauƙi.

Baban Amira: Hajiya kamar kina wurin. Haka ya ce mini jiya, wai ya ɗora ta a tasa zuwa wata guda.

Maman Sadik: Ka ce masa ka gode, Allah Ya bar zumunci, amma a'a.

Garba Direba: Ni kan hanya zan yi magana, don ita ce gonata. Daga Columbus ka bi babbar hanya I-71 ka yi arewa, ka kama I-76 ta Akron, kafin Youngstown ka faɗa I-80. Ita za ta ratsa da kai Pennsylvania gaba ɗaya har New Jersey, ba kuɗin tolget in gabas ka nufa. Kimanin awa tara ne in ba cunkoso. In ka bi ta ƙasa, I-70, za ka shiga babbar hanyar kuɗi ta Pennsylvania, ita kuwa tun 2020 ba mai karɓar kuɗi a hannu, kyamara ce ke ɗaukar lamba a aiko da takardar biya, kuma ya fi na mai E-ZPass, 'yar na'urar biyan tolget da ake liƙawa a gilashin mota, tsada sosai. Gadar George Washington da ke haɗa New Jersey da Niyok ma haka take tun 2022, mai shigowa Niyok ke biya. In kana da E-ZPass ka tafi da shi, ka ƙara motar a asusunka kafin ka taso. Lambar takarda in ruwa ya jiƙa ta ko ta lanƙwashe kyamara ba ta karanta ta da kyau, sai takardar biya ta yi ta yawo, kai ba ka sani ba tara tana hawa. In lokacin sanyi ne ka duba hasashen yanayi, tsaunukan I-80 ba sa wasa da ƙanƙara.

Ɗan Zongo: Duk wannan wahalar ta mece ce? In kwana 45 ɗin ya ƙare akwai wani da na sani yana kawo wata lambar har gida, kuɗi kaɗan.

Alhaji na Harlem: Ɗana, goge wannan maganar. Ita ce ainihin abin da ya jawo wa masu gaskiya tsangwama. A 2023 'yan jarida suka bankaɗo yadda dilolin da ba su da mota ko ɗaya a fili, a New Jersey da Georgia, suke fitar da lambobin takarda dubbai ana sayarwa a Niyok. Texas ma da abin ya ishe ta, daga 1 ga Yuli 2025 ta sa diloli su riƙa ba mai saye lambar ƙarfe a maimakon ta takarda. Wanda aka kama da ta bogi ba tara kawai zai biya ba, kotu ce. Mai neman takardun zama kuwa ya san abin da shiga kotu yake jawowa.

Ɗan Zongo: Na ji Baba, a yi haƙuri. Ban san ta kai haka ba.

Malam Injiniya: Akwai abin da ba wanda ya taɓo, kuma shi ya fi ba ni tsoro tunda ka ce sabuwa ce dal. Niyok tana bin ƙa'idar hayaƙin mota irin ta California, Ohio ba ta bi. Motar da ba ta kai mil 7,500 ba, sai ta cika wannan ƙa'idar kafin a yi mata rajista a nan. Yawancin motocin yanzu an ƙera su don duk jihohi 50, amma "yawanci" ba ya biyan bashin banki. Ka sa ɗan uwanka ya buɗe bonet, akwai sitika a cikinsa da ke bayanin hayaƙi, ya ɗauko maka hoto. In ka ga sunan California a cikin abin da ta cika, shi ke nan. In babu, kada ka sa hannu ko da an rage maka dala 5,000, don za ka kawo mota Bronx ka rasa lambar sa mata.

Na biyu, haraji. Harajin saye na inda za ka yi rajista ne, ba na inda ka saya ba. A cikin birnin Niyok kashi 8.875 ne cikin ɗari, wato motar dala 30,000 za ka ajiye 2,662.50. Ka tambayi dilan baki da baki: shi zai karɓa ya tura tare da takardun rajista, ko kai za ka biya a DMV? Duk wanda ya faɗa, a rubuta a takardar ciniki. Na san wanda ya ɗauka an haɗa da haraji a bashinsa, sai da ya kai gaban kanta aka karanta masa lissafi.

Na uku, da yake da bashi a kanta, ka tambaya wa zai riƙe takardar asalin motar da kamfani ya fitar, kuma yaushe za ta iso. A nan ake cinye kwana 45 ba a sani ba.

Baban Amira: Malam, Allah Ya saka da alheri. Wallahi ko a mafarki ban san da zancen bonet ɗin nan ba. Na tura masa saƙo yanzu.

Inna Hajara: Ni tawa ba a hanya ta same ni ba, a ƙofar gida ne. Lambata ta takarda ta ƙare ranar Asabar, na ce bari Litinin ta yi. Litinin da asuba na leƙo ta taga, wurin wayam, janwe ya yi gaba da ita. Kuɗin ja, kuɗin kwana, ga tara, ga yinin aiki da na rasa. Laifina ne, ban ɗora wa kowa ba. Don haka ɗana, kada ka ɗauki 45 ɗin nan a matsayin hutu. Ka nemi ranar zuwa DMV tun kafin ka hau bas. In an ba ka lambar ƙarfe, biyu ce gaba da baya, kuma za su ba ka ƙarin kwana 10 ka kai ta a duba lafiyarta a liƙa sitika. Shi ma kada ka yi wasa da shi.

Garba Direba: Ƙari a kan ta Inna: takardar ciniki, takardar lambar wucin gadi, katin inshora da lasisinka, ka haɗa su a ambulan ɗaya a kujerar gefe, ba a but ba. Kafin ka bar wurin dila ka gwada lambar jikin motar da ke gindin gilashin gaba da wadda ke takardu, harafi bayan harafi. In ɗan sanda ya kunna maka fitila, ka gangara dama, ka sauke gilashi, hannu biyu a sitiyari. Kada ka fito ka tarye shi da gaisuwa yadda muke yi a gida, nan ba a haka. Sai ya nemi takarda ka faɗa masa inda take kafin ka miƙa hannu.

Malam Injiniya: Ga masu karantawa daga Boston, wannan amsar ba taku ba ce. Massachusetts tana da tsauri a kan mazauninta da ya shigo da mota da lambar wucin gadi ta wata jiha. Ku tambayi ofishin rajistarku kafin ku biya.

Baban Amira: Hoton ya iso, akwai California a jikin sitikar, alhamdu lillahi. Dilan ya ce harajin ni zan biya a nan, na ce ya rubuta. Inshora sun ce za ta fara aiki Asabar. Na samu ranar DMV Alhamis ta sama. Yaya Garba, I-80 zan bi. A ina kake tsayawa sallar azahar a hanyar?

Garba Direba: In ka taso bakwai na safe, azahar za ta same ka a tsakiyar Pennsylvania. Akwai wuraren hutawa a bakin hanya masu ruwa da fili. Ka tafi da dardumarka da buta a mota.