Ɗalibaina a Tanzaniya sun haddace ma'anoni amma ba sa iya bayani: in bar su su yi Swahili a ajin fiziks?

Malamin Fiziks ya rubuta:

Assalamu alaikum, malamai 'yan'uwa. Ina koyar da fiziks a aji ɗaya da aji biyu na wata sakandaren gwamnati a Tanzaniya, kuma ina neman shawarar waɗanda suka riga ni a wannan fage. Tun ƙarshen shekarun 1960, zamanin shugaban ƙasar na farko, Julius Nyerere, da Swahili ake koyar da yara a firamaren gwamnati, Turanci kuwa darasi ne guda a cikin darussa. Amma ranar da yaro ya shiga sakandare sai kusan komai ya koma Turanci, har da littattafai da jarrabawa. Akwai ɗan shirin share fage da ake yi musu a makonnin farko, sai dai bai isa ya cike giɓin ba.

Abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya shi ne, idan na nemi ma'anar densiti, wato nauyin abu gwargwadon girmansa, sai su rera mini ita baki ɗaya ba tuntuɓe, amma da na tambayi dalilin da ya sa kananzir ke tasowa saman ruwa sai ajin ya yi tsit. Yaran nan ba daƙiƙai ba ne, kuma ni Swahilina na cefane ne kawai. Shin in ƙyale su su tattauna da harshensu, ko kuwa hakan cutar da su ne?

Malama Mai Bayoloji ta rubuta:

Wa alaikumus salam, Malam. Ka ƙyale su, amma da tsari, kuma ka fara da abin da ido zai gani kafin a taɓa alli. Ka zo da tambulan biyu, ɗaya da ruwan famfo, ɗaya da ruwan da aka narka gishiri mai yawa a ciki, ka saka ɗanyen ƙwai a kowanne. A na farko zai nutse ya zauna a ƙasa, a na biyu zai taso ya leƙo. Kada ka ce komai. Ka raba su rukuni-rukuni, su yi ta musu da Swahili na 'yan mintoci, sannan kowane rukuni ya zana abin da ya gani. Daga zanen za ka gane wanda ya fahimta, ko da ba ka ji abin da suka faɗa ba.

Bayan nan ne za ka rubuta musu ƙashin jimla da Turanci a allo, mai gurabe da za su cike, irin wadda ke cewa abu kaza ya taso domin densitinsa bai kai na kaza ba. Da jimlar nan guda za su bayyana ƙwai, su bayyana kananzir, wanda densitinsa ya kai kimanin giram 0.8 a kowace santimita mai siffar kubu, alhali na ruwa giram 1 ne. A nan haddar da suka iya za ta yi musu rana, domin yanzu tana da abin da za ta rataya a kai.

Tsohon Mai Duba Jarrabawa ya rubuta:

Na yarda da Malama, amma ina da jan hankali. Hukumar jarrabawa ta ƙasar, NECTA, da Turanci take yi wa 'yan aji biyu jarrabawar fiziks a ƙarshen shekara, kuma a ranar babu rukuni, babu tambulan. Saboda haka, Malam, kada ka ɗauki wani ɗalibi ya zama tafintan aji, domin da zarar yara sun san fassara na tafe sai su daina sauraron Turancin gaba ɗaya, su zauna jiranta. Ka kuma ware lokaci ka koya musu kalmomin umarni na takardar jarrabawa, su san bambancin a ce su faɗi abu, da a ce su bayyana dalilinsa, da a ce su kwatanta abu biyu. Yara da yawa sun san amsa, tambayar ce ba su gane abin da take nema ba.

Malama Mai Bayoloji ta sake rubutawa:

Gaskiya ne, ranka ya daɗe, batun tafinta ba ni da ja a kai. Abin da zan ƙara shi ne kada Malam ya yi gaggawar yanke wa yaran hukunci. Masanin nan Jim Cummins, na ƙasar Kanada, ya nuna cewa yaro mai koyon sabon harshe kan iya harshen hira cikin kimanin shekara 2, amma harshen karatu na neman shekara 5 zuwa 7, kuma wannan ma a inda ake jin harshen a titi ne. Don haka, Malam, idan za ka yi gwajin mako, ka ba da maki daban ga zane da lissafi, daban kuma ga rubutun bayani, ta yadda za ka san wanda fiziks ɗin ne ya shige masa duhu da wanda jimla ce kawai ta gagare shi, ka taimaki kowannensu ta inda yake da bukata.